Gidan abincin Tailan a Injamena da yaro ɗan shekara biyu: abin da ya yi da abin da bai yi ba

Hukuncina tun farko: wurin yana zuwuwa da ƙaramin yaro, amma sai uwa ta san abin da za ta ce a dafa. Takardar jerin abincin ba za ta taimake ta ba, domin babu wani sashe na yara a ciki, kuma babu kujera mai tsawo ta ɗora yaro. A cinya zai zauna, ko a nemi teburin da ke jikin bango.

Kowa barkono yake tsoro, alhali shi ne ya fi sauƙin kaucewa idan an gane yadda kicin ɗin ke aiki. Abincinsu kashi biyu ne. Akwai wanda ake soyawa nan take a kasko, kamar soyayyar shinkafa da ƙwai da kaza (khao pad) da taliyar shinkafa ta pad thai. Waɗannan in ka ce kada a sa barkono, kuku zai iya, kuma ya yi. Sai miyar kori, kore da ja. Ita barkonon a cikin dakakken haɗin yake tun kafin ka zo, tare da tafarnuwa da wani daddawan jatan lande, don haka ko mai kawo abinci ya ce "za a rage", ba abin da zai ragu sai dai a ƙara madarar kwakwa. Kada farar fuskar koren kori ta ruɗe ka, ta fi zafi fiye da yadda take a ido. Haka som tam, ɗanyar gwanda da ake kirɓawa a turmi: ko an ce ba barkono, turmin ya riga ya sha na wanda aka yi wa kafin kai.

Abin da ba a lura da shi shi ne gishiri. Ba su cika barbaɗa shi ba, ruwan kifi mai gishiri suke zubawa, da na waken suya, kuma babban cokali ɗaya na ruwan kifin nan ya haura abin da ya kamata yaro ya ci a yini. Ɗan shekara 1 zuwa 3 bai kamata ya wuce giram 2 na gishiri a rana ba. Mafita ita ce a ce a soya tasa shinkafar da rabin ruwan kifin, sannan a sayi farar shinkafarsu mai ƙamshi a gauraya masa, kashi biyu fara, kashi ɗaya soyayya. Farantin babba ɗaya ya ishe shi har da ragi.

Sai abin da ke maƙalewa a wuya. Pad thai na zuwa da dakakkiyar gyaɗa a gefe ko a sama, wani lokaci da manyan ɓarori. A ce a kawo ta daban. Yaron da gyaɗa ko jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi da kumburi, gara a bar shi gida, don kasko ɗaya ake juya komai. Taliyar doguwa ce mai danƙo, a yanka ta da cokali gajeru-gajeru. Miyar kaza da kwakwa (tom kha gai) tana da daɗi a kan shinkafa, amma a tsame guntayen ciyawar lemo, da saiwar nan dangin citta, da ganyen lemun tsami: don ƙamshi aka sa su, ba a tauna su. Tsiren kazarsu mai laushi ne, a zare shi daga tsinke tun a hannun babba.

Tom yum kuwa, miyarsu mai tsami da yaji, a tukunya mai wuta a ƙasa ake kawo ta. Da yaro mai miƙa hannu, a ce a zuba a kwano tun daga kicin.

In barkono ya kuɓuce ya shiga bakinsa, ruwa ba ya kashe shi, yaɗa shi yake yi. A ba shi madara ko kindirmo ko loma biyu na farar shinkafa. Shayinsu mai ruwan goro da ƙanƙara ba na yaro ba ne: ganyen shayi ne mai ƙarfi da madarar gwangwani mai zaƙi, zai hana shi barci.

Maganar halal a yi ta a fili kafin a zauna. Girkin Tailan yana amfani da naman alade sosai, har a cikin cikon soyayyen fanke mai naɗi, saboda haka a tambayi abin da ke ciki da kuma ko kaskon daban ne. Ma'aikatan sun amsa ba tare da ɓata rai ba, wannan na yaba musu.

Inda suka gaza shi ne jira. Komai sai an yi oda ake ɗorawa, kuma ba a kawo faranti tare. A nemi farar shinkafar yaro tun ana zama, a je da an idar da magariba kafin wuri ya cika. Kuɗin ma ya ninka na gidajen abincin unguwa sau da yawa. A lokacin mangwaro, shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da yankakken mangwaro ita ce abin da yaro ke cinyewa tas, sai dai a gutsura masa ƙanana, don tana dunƙulewa a baki.