Bogenbiliya ko iksora a jikin katangar bakin titi?

Malam, tunda wurin ɗan tsirin ƙasa ne tsakanin katanga da daɓen siminti, ka ɗauki bogenbiliya ka huta. Na shuka duka furannin biyu, bogenbiliyar ce ta rage.

Tawa shekararta shida ke nan. Reshe ne da bai wuce kamu ɗaya ba lokacin da na sa shi a gindin bangon da ke kallon yamma, inda rana ke duka tun azahar, har dare in ka dafa bangon za ka ji ɗumi. Shekarar farko ina ba ta ruwa safe da yamma, ta yi ganye kore shar, amma ko fure ɗaya babu. Sai tafiya ta kama ni, na yi mako uku ba wanda ya leƙa ta. Na dawo gabana na faɗuwa, ina zaton ta bushe, sai na tarar katangar ta yi ja wur. Wallahi na daɗe tsaye ina kallonta. Ashe ɗan ƙishi ne ke sa ta fure, yawan ruwa da taki kuwa ganye kawai suke ƙara mata.

Wannan halin ne ya sa ta dace da birni. Kwalta da siminti suna shan zafin rana su riƙa fitar da shi cikin dare, ƙasar ta daddaɓe saboda takawa, ruwan sama kuma kwata yake bi, kaɗan ne ke nutsewa. Ga ƙura, ga hayaƙin mota. Ita asalinta daga Kudancin Amurka take, wajen Brazil, kuma duk wannan bai dame ta ba muddin tana samun rana kamar awa 6 a yini. Abin da muke gani mai launi ma ba shi ne furen ba, ganye ne guda 3 masu kama da takarda da suka kewaye 'yan ƙananan furanni farare, shi ya sa launin ke daɗewa. Aibinta ƙaya ce. Sai ka riƙa yi mata aski da safar hannu, kada ta kai ga masu wucewa.

Iksora tana da kyau, ban musa ba. Amma ƙasa mai ɗan tsami da danshi take so, ɓurɓushin simintin da magina ke binnewa a gindin gini kuwa kashe tsamin ƙasa yake yi, sai saiwarta ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Tawa ganyen ya koma rawaya, jijiyoyinsa kawai suka rage kore, na yi ta zuba taki a banza har na tuge ta. In ranka ya biya, sa ta a tukunya da ƙasarta daban.

Ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Sukan yanko reshe mai fure su soka a leda da safe, su sayar da rana a matsayin dashe. An yi min haka, kwana huɗu ya yanƙwane. Ka ɗaga ledar ka duba ko saiwa ta leƙo ta ƙasa, ka nemi mai sabon toho, kada yawan fure ya ruɗe ka.

Ranar dasa bogenbiliyar ka haƙa rami ka kwashe duk baraguzan da ka tarar. Ka tsaga ledar da reza, kada ka fizgo shukar, don saiwarta siririya ce, ba ta son a girgiza ta. Sannan ka ɗaura mata waya a bango, ba ta manne wa gini da kanta. Watannin farko ka ba ta ruwa a kai a kai har ta kama, daga nan sai ka ga ƙasar ta bushe kafin ka ƙara.