Shagon abincin makarantar 'yata a Makka: yabo da ƙorafi

'Yata tana aji uku a wata firamaren 'yan mata da ke wajen Shari' Mansur, kuma riyal biyar nake ba ta kullum don maƙsaf, wato shagon abincin makarantar. Iyaye mata da yawa a unguwarmu suna tambayata ko abincin wurin ya isa a sallami yaro da kuɗi kawai. Amsata ita ce bai isa ba, amma ya fi na da nesa ba kusa ba.

Ma'aikatar Ilimi ta hana sayar da lemun kwalba mai gas, da abin shan ƙara kuzari, da cifs da alawa a cikin makarantu, kuma a nan na shaida ana bin dokar. Wurin tsaf yake, matan da ke sayarwa da safar hannu, madara da laban (nono) suna cikin firji da sanyinsu. A zafin Makka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda raina bai kwanta ba shi ne abin da ya maye gurbin waɗancan. Burodin leda mai cuku ne da biskit da ruwan 'ya'yan itace na kwali, su ne a gaba-gaba. Ayaba ko tufa sai an dace, kuma lokacin fusha, wato hutun tara, gajere ne, manya suna ture ƙanana a layi. Yarinya 'yar shekara takwas abin da hannunta ya fara kaiwa take saya. Ga baƙala, wato kantin unguwa, a bakin titi: a 2017 an ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemun gas, amma da an tashi can yara ke cincirindo.

Wadda ta fi burge ni ita ce ablar ajinsu, wato malamarsu. Takan ware rana kowa ya zo da karin kumallo daga gida, a shimfiɗa sufra a ci tare, tana tambayarsu me kowane abu ke yi wa jiki. Na dafa ƙwai, na haɗa da burodin tamis da kokwamba da dabino. Ranar 'yata ta dawo tana ce min: "Umma, gobe ma ki sa min kokwamba." Yarinyar da ko a gida ba ta taɓa shi!

Yanzu na rage kuɗin zuwa riyal biyu na laban, sauran a gida nake haɗa mata. Roƙona ga masu shagon shi ne su sa ayaba da dabino a gaban kanta, su buɗe wa ƙananan aji tasu tagar daban.