Kafet a zaure ko fako a waje?

Mutumin da ke ƙauyen Kiyawa ba kullum zai je filin golf na Dutse ba. To ina zai koyi bugun ƙarshe, na gangara ƙwallo cikin rami?

Kafet a zaure ya fi sauƙi. Ka kwantar da kofin shayi, ka ja baya taku uku, ka yi ta bugawa. Bakin kofi bai kai faɗin ramin gaske ba, milimita 108, don haka hannu zai saba da saiti. Sai dai daɓe a miƙe yake, ba ya koya maka komai game da gangara.

Fako kuwa sai da wahala. Ka share, ka watsa yashi, ka daddaɓe, ka binne gwangwani. Da safe ka tarar da sawun awaki, ka sake gyarawa. Amma a nan ne za ka ga ƙwallo ta karkace hagu tun kafin ta isa, ka gane ƙarfin da taku goma ke buƙata. Yawancin bugun da ake asara wajen auna nisa ne, shi ya sa na fi son fako.

Idan damina ta sauka dai, zaure za ka koma.