Shallal ta Jidda ko Boulevard World ta Riyad: wanne ya fi dacewa da yara?

Hajiya, kin ce kuna zaune a Makka, yara huɗu, ƙaramin ɗan shekara 4, babbar tana da 13, kuma kina tsoron a kashe kuɗi a dawo da kuka. To kafin komai, ki jingina kowane yaro da bango ki auna tsawonsa. Manyan liluna tsawo suke dubawa, galibi santimita 120 zuwa 140, kuma mai tsaron ƙofa ba ya jin roƙo. Yaro ya yi rabin awa a layi, a kai shi jikin sandar awo a ce ya koma, wannan shi ne kukan da kike gudu.

Shallal, wurin wasanni da liluna, tana bakin teku a Jidda, tafiyar kamar awa ɗaya daga Makka a mota, ko ku hau jirgin ƙasa na Haramain sannan ku ɗauki tasi. Ba sai an jira wani lokaci na shekara ba, kuma ba kuɗin masauki: ku tafi bayan la'asar, ku kwana a gida. Akwai lilon dogo mai hawa da gangara don babbar, filin ƙanƙara na zamiya, tafki mai kwale-kwale, da ƙananan liluna da ɗan autan zai hau. Wurin bai yi girman da ƙafa za ta gaji ba. Matsalarta zafin Jidda mai gumi, don haka da rani kada ku shiga kafin magariba.

Boulevard World, wurin shaƙatawa na Riyad, wata harka ce daban. Ɓangare ce ta bikin Riyadh Season da aka fara a 2019, ita kuma an buɗe ta a 2022, kuma lokacin sanyi take aiki. Wanda ya yanki tikitin jirgi a watan Yuli saboda bidiyon da ya gani a TikTok, ƙofa a rufe zai tarar. Kyanta a kallo yake: unguwannin da aka gina da siffar ƙasashe daban-daban, katafaren tafki, abinci iri-iri. 'Yarki mai 13 za ta ji daɗinta sosai. Amma tafiyar ƙafa ce mai yawa, ɗan shekara 4 sai da keken turawa. Tikitin shiga ta manhajar Webook ake saye tun kafin a bar gida, kuma kuɗin shiga daban, na hawa lilo daban. A nan lissafin mutane ke rushewa, musamman da yara huɗu kowa na nuna nasa. Ki ƙara jirgin sama na kusan awa ɗaya da rabi daga Jidda, otal na aƙalla kwana 2, da rigunan sanyi, domin daren Riyad a Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 10.

A duka biyun, daren Alhamis da Juma'a da Asabar cunkoso ne, Litinin ko Talata ta fi sauƙin layi. Ki duba lokacin buɗewa a ranar da za ku fita, yakan sauya da azumi da sallah.

Shawarata, Hajiya, bana ku je Shallal. Riyad ku bar ta sai autan ya kai santimita 120, ku sa ta cikin hutun makaranta na sanyi, a kama otal da wuri kafin farashi ya hau.