Hattara da masu sayar da Gibson ES-335 ta jabu a intanet

'Yan'uwa masu sha'awar jitar lantarki, musamman masu tara irin mai kogo a gefe biyu, ku buɗe ido. Akwai 'yan damfara da suka mayar da Gibson ES-335 jarinsu, kuma salonsu kusan ɗaya ne duk inda ka ci karo da su. Za ka ga hotuna masu ɗaukar ido, farashi ya yi ƙasa da na kasuwa amma bai faɗi warwas ba yadda za ka yi zargi, sannan ga labari mai ban tausayi: wai ta mahaifinsa ce da ya rasu, shi bai san kanta ba, matsuwa ce ta sa zai rabu da ita, kuma wani ya riga ya taya, idan ba ka tura kuɗi yau ba ta wuce ka.

Kada wani ya ɗauka abin ƙarami ne. A watan Nuwamba na 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta sanar da kama jitocin Gibson na jabu sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da darajarsu ta haura dala miliyan 18. Waɗannan su ne aka kama.

Ƙirar jitar ce ke ba su dama. Tun da Gibson ta fito da ita a 1958 a masana'antarta ta Kalamazoo, zamanin shugabancin Ted McCarty, ana sa gungumen katako a tsakiyar cikinta daga wuya har ƙasa, a bar gefe da gefe fanko. Ba ta da murfi a baya irin na Les Paul, wani samfurin jitar Gibson, da za ka kwance ka ga wayoyi. Ƙofa ɗaya ce zuwa cikinta, wato tsagar nan biyu masu siffar harafin f. Saboda haka maƙaryaci yakan gyara abin da kyamara ke gani, ya bar ɓarnar a inda ido ba ya kaiwa.

Takardar nan mai ruwan lemo da ake liƙawa a ciki ba hujja ba ce, ko firinta ta gida za ta buga ta. Haka ma lambar da ke bayan kan jitar. Daga 1977 Gibson ta daɗe tana amfani da lamba takwas, ta farko da ta biyar su ne shekara, uku na tsakaninsu kuma rana ta nawa a shekarar aka buga ta. Masu jabu sun san wannan sarai, har kwafe lambar jita ta gaskiya suke yi daga hoton wani.

Abin da ya kamata ka nema shi ne bidiyo, ba hoto ba, a haska tocila cikin tsagar, a zura ƙaramin madubi irin na likitan haƙori. Ka ga gungumen da idonka. Ka ga bayan maɓallan ƙara sauti, domin akwai lambobi a jikinsu: 137 na kamfanin CTS ne, 134 na Centralab, abin da ke biye kuma shekara da makon da aka ƙera su. Sai ka ce mai sayarwar ya kwance ɗan murfin da ke jikin kan jitar, wanda ya rufe ƙarfen miƙe wuya. Na Gibson sukuru biyu ke riƙe shi, kuma a ƙarƙashinsa noti ne mai kusurwa shida ya fito fili. Yawancin na jabu sukuru uku ne, ƙarfen kuma rami gare shi a lume. Idan ya ce maka ta 1959 ce alhali alamomin da ke kan wuyanta masu kusurwa huɗu ne, ka tsaya, domin ɗigo-ɗigo ES-335 ta zo da su, sai a 1962 aka sauya.

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce jita ta gaskiya da aka yashe. Gangar jikin ta Gibson ce, amma an zare pikof na asali, wato na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, irin samfurin PAF da injiniyan Gibson Seth Lover ya ƙirƙira, an sayar da su daban, an cusa na zamani. Ko kuma kan ya taɓa karyewa, abin da ya zama ruwan dare ga Gibson saboda lanƙwasar kan, aka liƙe aka bi da fenti. Gyararriyar jita tana kaɗuwa lafiya lau, kuma babu laifi a sayar da ita, laifin shi ne ɓoye gyaran a karɓi kuɗin lafiyayya. Fitila mai hasken UV a ɗaki mai duhu takan tona sabon fenti a wurin. Haka Epiphone, wadda Gibson ta mallaka tun 1957, jita ce ta mutunci da sunanta. Zalunci ne a sassaƙe kanta a liƙa mata tambarin Gibson.

Akwai kuma wanda ba shi da jitar ma kwata-kwata, hotunan wani ya sato. Ba a cinikin biri a sama. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya soke ta tsakanin tsirkiya, ya kira ka ta bidiyo. Mai kaya na gaske ba ya jin haushin wannan. Idan ya nace sai ka biya ta sashen 'yan'uwa da abokai na PayPal, ko da kirifto, ko katin kyauta, ka fita batunsa, duk hanyoyin nan babu kariyar mai saye a cikinsu.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge hirar. Ya ɗauki hoton kowane saƙo da shaidar biya, ya kai ƙara bankinsa da shafin da ya ga tallan a ranar, kafin mutumin ya rufe asusun ya buɗe wani da sabon suna.