Gidan horon damben zamani da ke karɓar waɗanda suka fito daga Kurmawa

A wajejen Ƙofar Mata a Kano, kusa da filin wasa na Sani Abacha, akwai wani gidan horon damben zamani da ba ya korar matashi don ya taɓa zama a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse. Iyaye na ɗar-ɗar da hakan, amma a ganinmu nan ne gidan ya fi yin abin kirki.

Ba haka kawai ake ɗaukar mutum ba. Sai ya zo da mai tsaya masa da takardar mai unguwa, sannan a yi masa gwajin ƙwaya. Wata uku na farko ba zai naushi kowa ba: gudu bayan asuba, tsallen igiya, sai dukan buhu, turmi minti 3, hutu minti 1. A nan ake gane wanda ya taso cikin daba, domin da zuciya yake faɗa, kafin turmi na biyu numfashi ya ƙare. In ya jure, a ba shi safar dambe mai nauyin oza 16 da robar baki ya gwada da wani. Duk wanda ya ƙara naushi bayan koci ya ce a tsaya, buhu zai koma.

Mai cewa tsohon fursuna bai cancanci wasa ba, ya duba Bernard Hopkins, ɗan damben Amurka. Yana ɗan shekara 17 aka ɗaure shi, ya yi kusan shekara 5, ya fito ya riƙe kambun duniya har yana da shekara 49. Mu ma tun 2019 doka ta mayar da gidajen yarinmu gidajen gyaran hali. To in an gyara mutum, ina zai je?

Sai dai akwai gyara babba. Da yamma yara da manya tare suke horo, koci ɗaya. Wanda laifinsa ya shafi yara bai kamata ya kusanci ajinsu ba, kuma gidan bai tantance wannan ba. Dole a raba lokaci.

Kaya ma da sauƙi-sauƙi. Yashi zalla aka cika buhunan da shi, ƙasansu ya dunƙule kamar dutse, shi ke jawo targaɗen wuyan hannu. Tsumma ya kamata a ɗura. Bandejinsu na naɗe hannu gajere ne, don haka ka sayi naka mai mita 4.5, ka riƙa wanke shi kana shanyawa bayan kowane horo.