Tab ko space wajen jera sakamakon program

Shi tab harafi ɗaya ne tal, lamba 9 a ASCII (tsarin da ke ba haruffan kwamfuta lambobi), amma ba shi da faɗin kansa, inda aka buɗe shi ne ke yanke masa. Tamina (tagar da ake rubuta umarni) a Linux tana tsallakawa zuwa kowane gurbi na 8, VS Code (manhajar rubuta program) kuma 4 yake sawa, shi ya sa teburin da ya miƙe a kwamfutarka sai ka ga ya karkace a ta wani. Space kam ba ruwansa, yadda ka jera haka zai fito ko'ina muddin haruffan font ɗin faɗinsu ɗaya. To amma in Excel za a zuba ko a yanka da cut (umarnin Linux mai ciro ginshiƙan tebur), tab ya fi, don space yana cikin bayanan ma. In mutum ne zai karanta ni dai space nake sawa, ko in bi da expand, umarnin da ke mayar da tab space.